Biza ta Maigida, Kaya na Uwargida

A unguwarmu ba a shelar tafiya ƙasar waje. Mun gaji ɓoye abu har sai ya tabbata, saboda tsoron baki da ido. Mutum zai yi wata da watanni yana sintiri tsakanin Kano da Abuja, in ka tambaye shi ya ce wata 'yar hidima ce ta ofis. Sai dai gida ba ya riƙe sirri yadda maigida yake riƙewa. Ranar da ka ga dillaliya ta shiga ta fito da ƙullin zannuwan gado, ka ji ana ta dakan kuɓewa da barkono a tsakar gida alhali babu biki babu suna, ka ga an aiko yaro aron sikeli wurin mai kemis, to ba sai an gaya maka ba. Biza ta fito. Daga nan matan layi za su fara shiga ɗaya bayan ɗaya da sunan gaisuwa, kowacce da shawara a bakinta, wata kuma da ɗan ƙulli a ƙarƙashin mayafi.

Masu tafiyar kun san su. Likita ne ko nas da wani asibitin Saudiyya ya ɗauka, ko injiniyan da ya samu takardar zama a Kanada, ko malamin jami'a da ya samu gurbin digiri na uku a Malesiya ko Ingila. Tun Janairun 2024 Ingila ta hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, sai masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, don haka wanda ya samu damar tafiya da mata da yara, gida guda ne zai tashi. A majalisa kowa maigidan yake yi wa barka, kuma ya cancanta, ya sha wahala. Amma ni hankalina cikin gida yake tafiya.

Ga abin da ba mu cika faɗa a fili ba. A gidan Bahaushe, in ka cire littattafan maigida da tufafinsa da wataƙila talabijin ɗin falo, kusan duk abin da ido ya gani na matar ne. Miji muhalli ya bayar da lefe. Gado da katifa da sif da madubi, kujeru da labule da kafet, tukwane da kuloli da firji, duk daga gidansu aka kawo su ranar jere. Uwarta ta yi shekaru tana zubin adashi, tana sayen kwano ɗaya-ɗaya tana turawa ƙarƙashin gado. Ubanta wataƙila fili ya saki, ko ya ci bashin da har jika ya fara tafiya bai gama biya ba. Zamanin iyayenmu jeren kwalla ne da samira da kumbo, a jera su har kusa da rufi, kuma kowa ya san asusun mace ne: ranar da ta shiga matsi, ta sauke saiti ɗaya ta miƙa wa dillaliya. Yau kayan sun sauya fasali, amma mai su ba ta sauya ba. Shi ya sa nake jin wani iri in na ji mutum yana gaya wa abokansa cewa ya yanke shawara, komai zai sayar. Komai na wa?

"Haba Malam, gadon nan fa sai da Baba ya sayar da gona ya yi min."

"To ya kike so a yi? Ai ba a hawa jirgi da gado."

Ita tana da gaskiya, shi ma yana da gaskiya, kuma daga nan ne shawarwari suke fara sauka.

Ta farko galibi daga bakin wata goggo take fitowa: a yi kwantena mana. Ba ga 'yan kasuwa suna kawo kaya daga Sin kullum ba? A loda mata kayanta su bi ta. Maganar tana da daɗin ji, kuma ana yi. Ƙaramar kwantena, mai ƙafa 20, tsawonta kusan mita 6 ne, faɗi da tsayi kowanne mita 2 da 'yan kai, kuma za ta haɗiye kayan ƙaramin gida in an iya shiri. Wanda kayansa bai kai haka ba, ejan zai haɗa shi da wasu a kwantena ɗaya, a caje shi gwargwadon wurin da ya ci, sai dai ya jira ta cika kafin ta motsa. To mu a Kano teku na da nisa. Akwai tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki da aka buɗe a Janairun 2023, akwai ta Kaduna tun 2018, amma duk inda aka rufe kwantenar, sai ta sha tafiyar wajen kilomita 1,000 zuwa Apapa ko Tin Can a Legas kafin ta ga ruwa. Kuɗin mota daban, na ejan daban, na jirgin ruwa da dala ake lissafa shi. Ga fom ɗin NCX na fitar da kayan da ba na sayarwa ba, ga jerin kaya da kwastan za su so su gani dalla-dalla, kwali kaza tukwane, kwali kaza zannuwa. A can kuma wani ejan yana jira da nasa lissafin, duk kwanan da kaya suka ƙara a tasha bayan wa'adi, kuɗi ne yake hawa.

Ba wai ƙasashen sun hana mutum shiga da kayan gidansa ba ne. Ingila tana yafe haraji ga mai ƙaura, da sharaɗin kayan sun yi wata 6 a hannunsa yana amfani da su, kuma ya nemi izinin kafin su iso. Amurka shekara guda take so. Tambayar ita ce ko kayan za su zauna a can. Gadon nan namu shida-da-shida mai ƙaton allo, da wuya ya hau matattakalar gidan haya a Bradford ko Birmingham, in ma ya hau ɗakin ya cika. Kayan zamani da ake yi da matsattsen garin katako, in suka sha makonni cikin laimar teku, sai su kumbura su saki ƙusa. Firji da injin markaɗe da dutsen guga don wutarmu mai ƙarfin 230 aka yi su, Amurka da Kanada kuwa 120 suke sha, sai an haɗa da taransifoma. Ingila kam wutarta da bakin soket ɗinta sun zo ɗaya da namu. Ko akwatin katakon da kafinta zai buga a zuba kayan fashewa, sai yana da hatimin da ke nuna an gasa katakon an kashe ƙwarin ciki, in ba haka ba ana iya tsare shi a tasha. In aka tara duka, sau da yawa kuɗin kai kujerun ya fi kuɗin kujerun. Nan ake yin shiru, goggo ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, a koma maganar akwati.

Lissafin akwati kuwa kowa ya haddace shi, har tsofaffin da ba su taɓa taka filin jirgi ba: kilo 23 sau biyu ga kowane mai kujera a yawancin jiragen da muke hawa, da 'yar jakar hannu. Akwati ɗaya in ya haura kilo 32, ko kana son biya sai ka rage. Jakar gana-mas-go da muka dogara da ita don ba ta da nauyin kanta, ita ma jirgin Habasha ya daina karɓarta tun Nuwamban 2023, sai in an sa ta cikin kwali ko wani abu mai tauri, saboda tana ɓata injin da ke jan kaya. Mata da miji da yara biyu, akwati takwas ke nan. Gidan da aka yi shekara goma ana tarawa, shi za a tace a cikin akwati takwas.

Daren awo, tsakar gida kamar Kasuwar Rimi ranar jajibirin salla. Wani ƙane mai ƙarfi ya hau sikeli shi kaɗai a rubuta, ya sake hawa rungume da akwati a ɗebe. Kilo 26. A zuge, a zazzage, a fara shari'a tsakanin manyan rigunan maigida da tukwanen uwargida. Abin da ke burge ni, duk gardamar da za a yi, akwai abubuwan da ba a taɓa cirewa. Muciya da maburgi suna tafiya. Tandar waina tana tafiya duk nauyinta. Buta tana tafiya, kuma wanda ya taɓa shiga bayan gidan Turawa ba zai tambayi dalili ba. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da kanwa, tsamiya da zoɓo, citta da kanumfari da masoro da kimba, sai turaren wuta da humra da aka yi odarsu wurin 'yar Maiduguri tun wata guda. Kuma matan suna da hujja. Shinkafa da doya da manja da garin rogo ana samunsu a shagunan 'yan Afirka a Landan ko Toronto, 'yan'uwanmu na kudu sun daɗe da buɗe wannan hanya. Kuka mai kore shar da yajin da aka daka a gida su ne ke wuya, ga su ba nauyi, ɗan kaɗan ya yi watanni. Yaron da aka raba da kakarsa da abokan wasansa rana ɗaya, in ya dawo daga sabuwar makaranta ya tarar da tuwo miyar kuka, rabin kukansa ya tafi. Ni a wurina wannan akwatin ya fi kowanne cancantar kujera a jirgi.

Haka ɗinki. A nan tela yana bakin layi, a can kuwa tsada gare shi in ma ka samu wanda ya iya namu, don haka atamfa da shadda daga Kantin Kwari sai an ɗinke su kafin a tashi, telan unguwa ba ya barci satin. Rigunan sanyi ne nake ganin muna wahalar da kanmu a kai. A je Ƙofar Wambai a jido jibga-jibgan gwanjo su cinye rabin akwati. Guda ɗaya ta sauka daga jirgi ta isa kowa, sauran a saya a can inda aka san irin sanyin.

Sai kilishi. Babu mai tafiyar da ba a yi wa guzurin kilishin Agadasawa ko dambun nama, kuma babu abin da ya fi shi ƙarewa a hannun jami'an filin jirgi. Ingila ba ta yarda matafiyi daga Nijeriya ya shiga da nama ko madara da dangoginsu ba, busasshe ko ɗanye, har da man shanun da Inna ta soya ta ɗura a gora. Amurka ma haka take a kan nama, har karnuka gare su masu shinshinar kayan abinci, kuma a wurinsu ɓoyewa ta fi kawowa laifi: wanda ya bayyana, a karɓe ya wuce, wanda ya ce babu aka gani, tara ce. Mai zuwa Saudiyya ya manta da goro, hukumar alhazai ta NAHCON kusan kowace shekara sai ta nanata wannan. Wake ma Tarayyar Turai ta rufe wa namu ƙofa tun 2015, saboda maganin ƙwari irin na fiya-fiya da ake zuba masa a sito. Ni dai shawarata, a ci kilishin nan a gida daren tafiya, da yara da maƙwabta, ya fi albarka. Abin da kuma aka halatta, a rubuta wa kowane ƙulli sunansa da Turanci a leda mai haske. Mu mun san wannan kuka ce, wannan kanwa ce, wannan garin magani ne da Kaka ta bayar. Jami'in da ya buɗe akwati a Jidda ko Heathrow, gari kawai yake gani fari da kore. Maganin asibiti kuma ya tafi da takardar likita, domin irin su tiramadol da kodin ba abin wasa ba ne a ƙasashen Larabawa.

Yanzu ga babbar magana, saƙo.

"'Yata, ɗan wannan ne kawai, ki miƙa wa yaron nan. Ko nauyi ba shi da shi."

"To Hajiya, Allah ya sa a samu wuri."

Ɗan wannan ɗin kilo uku ne. Yaron a Manchester yake, ku kuma Glasgow za ku, amma a wurin mai saƙo duk Turai ce. Kafin isha'i an tara guda bakwai. Kunya ba ta bari mu ce wa babba a'a, dangin miji kuma ba a mayar musu da saƙo, don haka a ƙarshe matar ce za ta zare tukunyarta ta sa kayan mutane. Ba ina cewa a daina karɓa ba ne. Da saƙo muke rayuwa, wanda ya ƙi na wani yau, gobe shi ne zai nemi mai kai masa. Amma a kwance shi a gaban mai shi, a gani da ido, a sake ɗaurewa da hannunka, kuma duk mai saƙon kirki ba zai ji haushin wannan ba. Mutanen Kano ba su manta da ɗalibar nan da ta je Umara da mahaifiyarta da 'yar'uwarta a Disamban 2018 ba, aka kama ta a Madina saboda wata jaka mai ɗauke da tiramadol da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Malam Aminu Kano ba da saninta ba. Sai da ta yi wata huɗu a tsare, NDLEA ta bankaɗo ma'aikatan da suka yi aika-aikar, gwamnati ta sa baki, kafin a sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. Ita ko saƙon ma ba ta karɓa ba. Tun daga nan masu hankali suke ƙirga akwatunansu, su ƙirga 'yan takardun shaidar kaya da aka manna musu, su tabbata lissafi ya zo ɗaya kafin su bar gaban kanta.

Abin da ya fi komai muhimmanci kuma shi muke bari sai ƙarshe, ga shi ko kilo ɗaya bai kai ba. Aurenmu a masallaci ko ƙofar gida ake ɗaura shi, shaidu ɗari, takarda babu, sai ofishin jakadanci ya tambaya a fara zarya. Takardar haihuwar yara ta Hukumar Ƙidaya, katin rigakafinsu da za a nema a can, katin allurar shawara, sakamakon gwajin tarin fuka ga mai zuwa Ingila zama, da takardun makarantar matar ita ma, don wata rana za ta so ta yi karatu ko aiki. A duba rubutun suna, domin Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, ya isa ya tsayar da mutum. Waɗannan a jakar hannu suke zama tare da gwal ɗinta, a kuma ɗauki hotonsu a waya. Ɗalibanmu da yaƙi ya ritsa da su a Khartum a Afrilun 2023 sun bar ɗakuna cike da kaya da littattafai, suka hau motoci zuwa iyakar Masar da abin da hannu zai iya ɗauka.

To an rufe akwati takwas. Saura gida guda cur a tsaye, da gado da kujeru da duk abin da 'yan jere suka wahala a kai.

Abin da muka fi yi shi ne mu kulle. A kwashe komai a kai gidan Hajiya, a cusa a ɗaki ɗaya, a rufa da tsohon zani, a danna kwaɗo, a ce ai shekara biyu ce ko uku. Wannan tsohuwar magana ce a bakinmu. Kakanninmu da suka ɗaura kaya a kan jaki suka nufi gabas aikin hajji a ƙasa, da yawansu da niyyar dawowa suka fita. Jikokinsu ne yau a Kassala da Gadarif da Wad Madani, wasu suka yada zango a Mai Wurno, garin da masu hijira suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu suka isa Makka suka zauna. Fataken da suka bi hanyar Gwanja sayen goro, su ma zango ya zame wa da yawansu gida a Salaga da Kumasi. Mai tafiya ba ƙarya yake yi ba in ya ce zai dawo. Karatu ne yake haifar da aiki, yara su shiga makaranta, a ce bari babban ya gama, sai ƙaramin ya fara. Ɗakin da aka kulle kuwa ba ya jira. Damina ɗaya rufi ya yi yoyo, gara ta kama ƙafar gado, ɓera ya haihu a cikin kujera, zafi ya ɓare fatar. Sai aro ya biyo baya: bikin wance ne, a ara mana kuloli, wane ya yi baƙi, a ɗauko katifa. Hajiya ba za ta iya hana 'ya'yanta ba, wanda ya ara kuma yana ganin mai kayan tana Turai, me za ta yi da su? Ranar da matar ta zo hutu ta buɗe ɗakin, sai ta haɗiye maganarta, don duk wanda za ta yi wa ƙorafi ɗan'uwa ne.

Sayarwa ta fi, amma mun iya ɓata ta da jinkiri. Saboda ɓoye tafiyar, sai saura kwana goma a kira dillaliya. Ita ta san ranar jirgi, masu saye ma sun sani, sai a taya saitin kujeru kuɗin katifa. Wata ta ce a bar mata, in kun isa za ta turo, kuma kowa ya san yadda bashin wanda ke ƙetare yake ƙarewa. Kuɗin da aka samu kuwa, nan ne zuciyata ta fi tsayawa. Sau da yawa a tikiti suke narkewa, ko a kuɗin hayar watan farko a can. Gaskiya ne matar ce ta miƙa da hannunta, domin tafiyar tasu ce su duka. Amma a kira abu da sunansa. Dukiyarta ce, malamai kuma sun sha gaya mana cewa aure bai halatta wa miji dukiyar matarsa ba, sai abin da ta ba shi da daɗin rai. In rance ne a ce rance ne, a rubuta. In kyauta ce a yi mata godiya, iyayenta su ji. Wasu matan suna juya kuɗin zuwa gwal ko ɗan fili da sunansu kafin su tashi, kuma ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Za ta sauka ne a ƙasar da ba ta da uwa ba ta da uba, bizarta a rataye da ta mijinta, babu maƙwabciyar da za ta leƙa ta katanga ta karɓi aro. Ya kamata ta san tana da wani abu nata a wani wuri.

Wadda ta fi kwanta min a rai ita ce rabawa, in mai kayan ce ta ga dama da kanta, ba tare da an matsa mata da kunya ba. A kowane layi akwai yarinyar da aka sa wa rana, uba ya rasu ko ƙarfinsa ya ƙare, aure yana neman ɗagawa saboda gado da katifa. Kayan da za su ruɓe a kulle sun isa su kai ta ɗakinta da mutuncinta. Kafinta ya zo ya sake fenti, a sauya yadin kujeru, ranar jere ba abin da za ka ji sai sam barka. Tukwane su tafi wurin ƙanwa, firji wurin Inna ta riƙa ƙulla zoɓo da ƙanƙara tana samun na cefane.

A wasu gidajen akwai tambayar da ake yi daren sallama, bayan an shafa addu'a maza sun fara neman takalmansu. Uwa da goggo surukuta ta ɗaure musu baki, don haka kakar matar ce take yin ta, tunda akwai wasa tsakaninta da mijin jikarta. Za ta gyara mayafi ta dube shi.

"Kai maigida, mu dai mun yi namu tun ranar jere. In Allah ya dawo da ku lafiya, wa zai yi wa kishiyar tawa gado?"

Akan yi dariya, amma tsohuwa ba ta tashi sai ta ji amsa a gaban mutane. Wanda ya san ya kamata yakan sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne, Iya, in Allah ya yarda." Ita kuma ta juya wurin kawunsa da ke zaune a gefe ta ce, "Alhaji, ka dai ji da kunnenka."